Ba Kullum Mai Rera Waƙar Soul Ne Ya Tsara Ta Ba

An daɗe ana ɗauka cewa wanda aka ji muryarsa a waƙar soul, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ya bunƙasa a shekarun 1960, shi ne ya rubuta ta kuma ya tsara kiɗanta. Zaton ba abin mamaki ba ne, domin a wurinmu mawaƙin gargajiya yakan ƙirƙiri waƙarsa da kansa.

A Detroit da Philadelphia kuwa, biranen Amurka da suka shahara da wannan kiɗa, sau da yawa aikin a rabe yake a wancan zamani. Marubuci ne ke samar da baitoci da kari, sannan mai tsara kiɗa ya yanke inda kayan busa za su shiga da abin da masu goge za su bi, har ya rubuta wa kowane makaɗi nasa kason a takarda. Akwai mawaƙan da suka haɗa duka, amma ba kowa ba.

Mai son tabbatarwa ya duba takardar tsakiyar faifan garmaho: sunan marubuci yakan zo cikin baka biyu a ƙarƙashin sunan waƙar, na mai tsara kiɗa kuma, idan an sa shi, da ƙananan haruffa a gefe ko a bayan kwali. A taimaka a tura wannan bayani ga masu sha'awar tsofaffin waƙoƙi.