Me ɗalibin zanen gini zai tsinta a tsoffin waƙoƙin Farisa?

Ina waƙa, ina gini?

A Iran, wato Farisa ta da, tambayar tana da tarihi. Tsangayar da ta fara koyar da zanen gine-gine a Jami'ar Tehran an buɗe ta a 1940, a hannun wani Bafaranshe, André Godard, kuma bisa tsarin karatun Paris. Ɗalibi ya iya awo, ya iya zane. Amma yadda mutum ke ji idan ya shigo daga zafin rana ya tarar da tsakar gida mai inuwa da ruwa, irin na gidajen biranen Yazd da Kashan, wannan ba ya cikin darasin awo. Magina na da ba su cika barin rubutu ba. Mawaƙa ne suka rubuta.

Wace waƙa ce ta yi maganar gini kai tsaye?

Haft Paykar ta mawaƙi Nizami, wadda ya kammala a 1197. A cikinta an gina wa sarki Bahram ƙubbobi bakwai, kowace da launinta da ranarta: baƙa ta Asabar, ja ta Talata, fara ta Juma'a. Launi da lokaci da halin mai shiga ɗaki duk an ɗaure su wuri guda.

Amma labarin magini Simnar, da ke cikin waƙar, ya fi tsaya mini a rai. Shi ya gina wa sarki Nu'uman fadar Khawarnak, wadda ke sauya launi da tafiyar rana. Da aka cika shi da kyauta sai ya yi suɓul da baka, ya ce da ya san ladan zai kai haka da ya gina wadda ta fi ta. Sarki ya sa aka jefo shi daga saman ginin. A nan malami zai iya buɗe zancen da aji ke gudu: wa ke da iko a kan gini, mai kuɗi ko mai fasaha? Kuma da mai zane Behzad ya zana labarin wajen 1494, leburori ya cika shafin da su, masu kwaɓa ƙasa da masu hawa tsani.

Waƙa za ta hana rufi rushewa?

A'a. Lissafin ƙarfe da kankare yana nan daram, wanda ya kasa shi baitin mawaƙi Hafiz ba zai cece shi ba.

To ba ado ba ne kawai, a manna baiti a bango?

Sau da yawa hakan ake yi, kuma ni ban ɗauke shi ilimi ba. Hubbaren mawaƙi Umar Khayyam a Nishapur, wanda Hushang Seyhun ya zana aka gama a 1963, ya sha bamban. Ginshiƙansa sun sarƙe da juna sun bar tagogi a buɗe ga sama, domin Khayyam masanin lissafi da taurari ne, baitocinsa kuma suna cikin sarƙar da kanta.

Da me malami zai fara?

Da gabatarwar littafin Gulistan na mawaƙi Sa'adi, 1258, inda ya ce duk wanda ya zo sai ya tayar da sabon gini, ya tafi ya bar wa wani. Sai a ba ɗalibai aikin zana gidan da magaji zai iya ƙara wa ɗaki ba tare da ya rushe na ubansa ba.