Me ya sa Faransancin baka bai yi kama da na littafi ba?

Na yi Faransanci a makaranta, amma in Faransawa suna hira ba na kama komai. Ina matsalar take?

Haɗiye harufa suke yi. Wasalin "e" mara ƙarfi shi ke fara faɗuwa: *je te dis* ya koma *j'te dis*. In "j" ya ci karo da "s", sai su narke su ba da sautin "sh". Shi ya sa *je suis* ke fitowa *chuis* (kunne zai ji "shwi"), *je sais pas* kuma *chais pas*. Haka *tu as* ke zama *t'as*, *il y a* ya zama *y a*, *il faut* ya rage *faut* kawai. Mu ma muna yi: "za ni" ya koma "zan", "masa" ya koma "mar".

Ashe daidai suke da *I'm* da *don't* na Turanci?

Ba sosai ba. *J'ai*, *l'ami* da *c'est* dole ne. Wanda ya ce *je ai* ya yi kuskure ko a gaban wa yake. *I'm* da *don't* kuwa zaɓi ne, kuma ana ganinsu a rubuce kullum, don haka ɗalibi ya saba da su tun daga aji. *T'as* da *chuis* sun fi kusa da *gonna*, *wanna* da *dunno*, waɗanda littafin makaranta ke kau da kai daga gare su.

Korewa fa?

Nan ne aka fi tuntuɓe. Turanci yana riƙe alamar korewa a *n't*. Faransancin baka kuwa yana jefar da *ne* gaba ɗaya, ya bar wa *pas* ko *plus* aikin. Ɗauki *j'en veux plus*. In ka ji "s" a ƙarshe, ƙari mutum yake nema. In ba ka ji ba, cewa yake ya ƙoshi. A rubuce duk ɗaya ne, sai a duba abin da ake magana a kai.

To in fara amfani da su?

Kunne ya riga baki. Fara da jefar da *ne*, sannan *y a* da *t'as*, da mutanen da kake ce wa *tu*, wato waɗanda kuka saba. Kada ka haɗa rabi da rabi: *je ne chais pas* ba ya zama. A wasiƙar neman aiki ko rubutun jarrabawar DELF (ta ƙwarewa a Faransanci), cika komai. A Turanci kuma ba a rufe jimla da *I'm*: *Yes, I am* ake cewa.