Jarabawar MCAT da karatun likitancin ƙafa a Amurka

MCAT ita ce jarabawar da ɗalibi ke zaunawa a Amurka kafin ya shiga makarantar likitanci, kuma ƙungiyar kwalejojin likitanci ta ƙasar, wato AAMC, ita ke shirya ta. Ba kamar JAMB ɗinmu ba ce da ake yi daga gama sakandare, a can yawanci sai mutum ya yi nisa a karatun digirin farko tukuna. Asalinta tun 1928 ne. Makarantun likitancin ƙafa, masu ba da digirin DPM, su ma ita suke nema duk da ba su ke tsara ta ba, shi ya sa duk sanda aka taɓa jarabawar sai abin ya faɗo kansu ba tare da sun shirya ba.

Likitan ƙafa a can ba mai yankan farce ba ne fa kamar yadda wasu ke ɗauka. Shekara huɗu yake yi a makaranta, sannan shekara uku ta horo a asibiti, yana tiyata, yana rubuta magani, shi ke kula da gyambon masu ciwon suga, kuma sau da yawa shi ne ke tsayawa tsakanin mara lafiya da yanke ƙafa.

Canje-canjen jarabawar

A 2007 aka mayar da ita kan kwamfuta, a 2013 aka cire ɓangaren rubutun insha'i. Amma babban canjin a watan Afrilu 2015 ya zo. Jarabawar ta koma ɓangare huɗu, tambaya 230, kusan awa bakwai da rabi mutum na ɗakin jarabawa idan an haɗa da hutu, aka ƙara bayokemistiri sosai, aka shigo da sabon ɓangare na ilimin halayyar ɗan adam da zamantakewa. Makin ma ya canza, da daga 3 zuwa 45 ne, yanzu daga 472 zuwa 528, tsakiya 500. A 2020 saboda korona an rage tsawonta na ɗan lokaci, daga baya ta koma yadda take.

Yadda abin ya shafi makarantun ƙafa

Makarantun nan ba su da yawa. Tara ne na tsawon shekaru, irin su ta Niyok da aka kafa 1911, da ta Jami'ar Temple a Filadelfiya, da ta Des Moines, sai aka buɗe ta Texas a 2022 da ta kwalejin LECOM da ke jihar Pennsylvania a 2023 suka zama goma sha ɗaya. Kujeru sun ƙaru kenan amma masu nema ba su ƙaru haka ba, kuma nan matsalar take, don ɗalibin da ya kwashe watanni yana karatun wannan doguwar jarabawa, ya biya kuɗin rajista da na darasi, idan makinsa ya yi kyau yawanci MD ko DO, wato digirorin babban likita, zai nufa, ba ƙafa ba. Matsakaicin makin waɗanda ke shiga MD ya kai wajen 511, na masu shiga DPM kuwa yana ƙasa da 500. Wannan tazarar ita ta sa wasu ke kallon fannin kamar mafakar wanda bai samu shiga ba, abin da gaskiya yake ɓata wa likitocin rai, don maki ɗaya na rana ɗaya ba ya nuna wa zai iya riƙe wuƙar tiyata.

A shekarun farko na sabon tsarin kwamitocin ɗaukar ɗalibai sun yi ta karɓar tsohon maki da sabo a lokaci guda, ga shi ba ma'auni ɗaya ba ne, dole suka riƙa dogara da matsayin ɗalibi cikin ɗari da kuma sakamakon digirinsa.

Muhawarar cikin gida

Akwai masu cewa a sassauta, a karɓi wata jarabawar kamar DAT ta likitocin haƙori ko a bar MCAT ta zama ganin dama, ko a samu cika ajujuwa. Ɗaya ɓangaren na cewa a'a, ai MCAT ɗin ce hujjarsu duk sanda suka je gaban hukuma neman a daidaita su da sauran likitoci, suna iya cewa ƙofa ɗaya muka bi muka shigo. Kuma neman daidaiton ba wasa ba ne, sai a 2018 dokar MISSION ta sa asibitocin tsoffin sojoji suka fara biyansu a tsarin albashin likitoci, alhali a dokar Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ta marasa ƙarfi, har yanzu ba a lissafa su cikin likitoci yadda Medicare, inshorar tsofaffi, ke yi. Jarabawar lasisinsu ma daban ce, APMLE suke yi ba USMLE ta masu MD ba, to idan aka cire MCAT ɗin kusan babu wata jarabawa da ta rage wadda su da masu MD ke zaunawa tare.

Ɓangaren halayya da zamantakewa da aka ƙara a 2015 kuwa, a ganina ya dace da aikin ƙafa ƙwarai. Mai ciwon suga da gyambonsa ya ƙi warkewa, sau da yawa ba magani ne ya gaza ba, talauci ne, ko aikin da ke sa shi tsayuwa wuni guda, ko rashin kuɗin takalmin da ya dace, ko kuma ya daina zuwa asibiti don ba mai kai shi.