Daga Turai zuwa shagunan Kaduna: tambayoyi kan sauye-sauyen waya, intanet da hotunan bogi

Yawancin labaran fasaha da ake karantawa a Kaduna a wasu ƙasashe suke faruwa, shi ya sa mutum kan ɗauka ba su shafe shi ba. Sai dai da yawa daga cikin wayoyin iPhone da kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa a shagunan titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi an taɓa amfani da su ne a Amurka ko Turai kafin a shigo da su, don haka hukuncin da aka yanke a can yakan iso hannun mai saye a nan bayan shekara ɗaya ko biyu.

Me ya sa sababbin wayoyin iPhone suka daina karɓar cajar da aka saba da ita?

Dokar Tarayyar Turai ce ta jawo hakan. Tarayyar ta wajabta cewa daga ranar 28 ga Disamban 2024, duk wayar salula da za a sayar a ƙasashenta sai ta kasance da bakin caja irin na USB-C, wato wanda sababbin wayoyin Samsung da Tecno da Infinix suke amfani da shi. Kamfanin Apple, wanda ya riƙe nasa bakin cajar mai suna Lightning tun 2012, bai jira wa'adin ya cika ba, sai ya sauya tun daga iPhone 15 da ya fitar a Satumban 2023.

Wannan sauƙi ne ga masu sana'ar cajin waya da kuma gidajen da ake aron caja tsakanin miji da mata da yara. Amma kamannin baki ba ya nufin ingancin igiya ɗaya ne. Akwai igiyar da ƙarfinta bai wuce wat 60 ba, akwai wadda take kaiwa wat 240, kuma duka biyun za su shiga rami guda. Wanda ya sayi mai arha a bakin titi ya ga wayarsa tana jan ƙafa wajen cika, sau da yawa igiyar ce ko kan cajar, ba batirin ba.

An ce akwai iPhone da ba ta da wurin saka layi. Gaskiya ne, kuma za ta yi aiki a Najeriya?

Gaskiya ne. Tun daga iPhone 14 ta shekarar 2022, duk wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka ba ta da gurbin sim kwata-kwata, tana aiki ne da abin da ake kira eSIM, wato layin da aka gina a cikin wayar, wanda kamfanin sadarwa yake loda masa lambar mutum ba tare da an saka wani kati ba. A Satumban 2025 kuma Apple ya fitar da iPhone Air, wadda ba ta da gurbin a ko'ina aka sayar da ita a duniya.

Irin wannan waya tana aiki a Najeriya, domin MTN ya fara bayar da eSIM tun 2020, Airtel ma yana bayarwa. Mutum zai je ofishin kamfanin da lambarsa ta NIN, a tabbatar layin nasa ne, sannan a ba shi wani zane mai kusurwa huɗu da zai haska da kyamarar wayar, layin ya hau. Wahalar tana zuwa ne daga baya. Idan wayar ta lalace ko batirinta ya mutu a hanya, babu katin da zai zare ya saka a ƙaramar wayar ɗan'uwansa ya kira gida ko ya karɓi saƙon banki, kuma yawanci sai ya sake komawa ofis kafin a mayar masa da layin kan wata wayar. Ga mazaunin Unguwar Rimi ko Barnawa wannan tafiyar awa ɗaya ce, amma ga wanda yake Birnin Gwari ko wani ƙauye a Giwa, yini ne sukutum.

Kafin a biya kuɗi, akwai abubuwa biyu da ya kamata mai saye ya duba da idonsa a gaban mai shago. Ya shiga saitunan wayar ya ga lambar samfurinta: idan ta ƙare da LL/A, ta Amurka ce. A wannan shafin ne kuma zai ga ko an ɗaure wayar da wani kamfanin sadarwa na can, domin wadda aka ɗaure ba za ta karɓi layin Najeriya ba ko da an loda mata eSIM. Akwai masu fasa irin waɗannan wayoyi su dasa musu gurbin sim, su sayar a matsayin na asali. Idan aka ga iPhone 14 ko wadda ta biyo bayanta tana ɗauke da LL/A kuma ga gurbin sim a gefenta, to an taɓa buɗe cikinta, kuma bai kamata a sake dogara da kariyarta daga ruwa ba. A ganina irin wannan ba ta cancanci farashin lafiyayya ba, komai kyan fuskarta.

Mene ne ma'anar cewa Windows 10 ta ƙare? Kwamfutar za ta daina aiki ne?

Ba za ta daina ba. Abin da ya faru shi ne, daga ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ga waɗanda suka shiga wani shirin ƙarin wa'adi da aka tsara wa ɗaiɗaikun mutane zuwa Oktoban 2026. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, amma duk sabuwar ɓaraka da masu kutse suka gano a cikinta za ta zauna a buɗe.

Abin ya fi shafar ɗaliban Kadpoly da jami'ar jihar Kaduna da masu shagunan buga takardu, domin Windows 11, wadda ta gaji Windows 10, tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma idan ƙwaƙwalwar kwamfutar ta kamfanin Intel ce, sai ta zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Kamfanoni a Turai da Amurka suna sallamar kwamfutocin da ba su cika wannan sharaɗi ba, kuma ba sai an faɗa wa kowa inda irin waɗannan kaya suke ƙarewa ba. Arhar da za a gani a kansu tana da dalili.

Yaya igiyar da ta tsinke a teku take hana mutum tura kuɗi a Kawo?

Intanet ɗin da yake haɗa Najeriya da sauran duniya yana bi ne ta manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda mafi yawansu suke fitowa a Legas, daga can kuma a jawo shi zuwa Arewa ta wayoyin ƙarƙashin ƙasa. A ranar 14 ga Maris na 2024 guda huɗu daga cikinsu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma nan take manhajojin bankuna da dama suka tsaya cak. Abin ya yi kama da ranar da tirela ta faɗi a hanyar Kaduna zuwa Abuja: sauran hanyoyin suna nan, amma ba za su iya ɗaukar dukkan motocin a lokaci guda ba.

Wannan na cikin abin da ya ƙara wa Starlink, kamfanin da yake samar da intanet ta taurarin ɗan adam, farin jini. Kamfanin ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ita ce kuma ƙasar farko da ya shiga a Afirka. Taurarinsa suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, yayin da tsofaffin taurarin sadarwa suke can kusan kilomita 36,000, kuma wannan kusancin ne yake sa saƙo ya je ya dawo da sauri. Faifan da yake kamo saƙon daga taurarin yana buƙatar sarari ba tare da bishiya ko bene sun kare shi ba, yana kuma buƙatar wuta ba yankewa, wanda ke nufin sola ko janareta. Ga makaranta ko asibitin da ke wajen gari yana da amfani ƙwarai, amma ga mai waya ɗaya a cikin birni tsadarsa ta fi ƙarfin buƙatar.

Shin sai an sayi waya mai 5G?

MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma sabis ɗin bai game ko'ina ba, ko a cikin manyan birane unguwa-unguwa ne. Wanda zai zaɓa tsakanin 5G da batir mai ɗorewa a kuɗi ɗaya, batirin zai fi yi masa rana. Kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, saurin da ke sa bidiyo ya buɗe da mafi kyawun hoto yana sa datar ta ƙare da wuri.

Ta yaya za a gane hoto ko bidiyon da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa?

A Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya zagaye duniya, mutane masu yawa suka yarda da shi, alhali da manhajar Midjourney aka haɗa shi. Bayan wata biyu wani hoton bogi da ya nuna fashewa a kusa da Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, ya girgiza kasuwar hannun jari na ɗan lokaci kafin a ƙaryata shi. A wancan lokacin ana ba da shawarar a ƙirga yatsun hannu ko a duba rubutun da ke jikin allo, domin a nan manhajojin suke yin tuntuɓe. Wannan shawara ta tsufa. A 2025 Google ya fitar da Veo 3, OpenAI kuma ya fitar da Sora 2, dukkansu suna haɗa bidiyo tare da murya da motsin baki.

Abin da ya rage shi ne bin asalin abu. Wa ya fara wallafa shi, a wace rana, kuma akwai wata kafar labarai da aka sani da ta ɗauko shi? Ana iya saka hoto a Google Lens a ga inda ya taɓa fitowa, kuma sau da yawa sai a tarar hoton gaske ne amma na wata ƙasa ko na shekarun baya, an canza masa labari kawai. WhatsApp ma yana saka alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu. Ƙungiyoyi irin su Dubawa da Africa Check suna bincika irin waɗannan.

A Kaduna, inda mutane suka san abin da jita-jita take iya haddasawa tsakanin unguwanni, wannan ya wuce abin dariya. Tun kafin waɗannan manhajoji, a Agustan 2014, saƙon da ya ce wanka da shan ruwan gishiri suna kare mutum daga Ebola ya tayar da gidaje cikin dare, har wasu suka rasa rayukansu. Yanzu ana iya ɗora irin wannan saƙo a bakin wani malami ko likita da jama'a suke girmamawa, da muryarsa da fuskarsa. Haka kuma idan aka ji saƙon murya daga ɗan'uwa yana cewa, "Yaya, don Allah ka turo min kuɗi yanzu, ina cikin matsala," abin da ya dace shi ne a kira shi a lambar da aka saba kafin a taɓa asusu.

Da gaske ne hoton ƙwai ya taɓa zama abin da aka fi so a Instagram?

Da gaske ne. A Janairun 2019 wani shafi ya saka hoton ƙwai guda ɗaya, ya roƙi jama'a su taimaka ya zarce Kylie Jenner, tauraruwar talabijin ta Amurka, wadda a lokacin take riƙe da kambun da so miliyan 18. Ƙwan ya haura miliyan 50, ya kuma riƙe matsayin har zuwa Disamban 2022, lokacin da hotunan Lionel Messi da kofin duniya suka ture shi.

Waya tana sauraren hirar mutane ne? Sai a yi maganar shadda, a buɗe Facebook a ga tallarta.

Kamfanonin suna musanta hakan, kuma a gaskiya ba sa buƙatar saurare kafin su yi hasashe daidai. Sun san inda mutum yake, da abin da ya nema, da bidiyon da ya tsaya a kansa, da mutanen da yake hulɗa da su. Idan amarya da ƙawayenta suna neman atamfar anko, ba abin mamaki ba ne tallar ta bayyana a wayar wadda ba ta nemi komai ba, tunda manhajar ta san suna tare.

Duk da haka zargin bai tashi a banza ba. A Janairun 2025 Apple ya amince ya biya dala miliyan 95 domin sasanta ƙarar da aka shigar cewa Siri, manhajar iPhone da ake ba umarni da murya, tana naɗar magana idan ta farka bisa kuskure, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba. Wayoyin iPhone tun daga 2020, da na Android tun daga zubi na 12, suna nuna ɗan ɗigo a saman fuska duk lokacin da wata manhaja take amfani da makirufo ko kyamara, ruwan lemo ko kore a iPhone, kore a Android. Wanda ya ga ɗigon alhali ba kira yake yi ba, sai ya shiga saitunan sirri ya duba jerin manhajojin da ya ba izinin makirufo, ya cire wa duk wadda aikinta bai shafi murya ba, musamman manhajojin tocila da na wasanni da na bayar da bashi.