Kwalbar da ba ma bari a tafi da ita gida

Da wuya mako ya wuce ba a roƙe ni wannan kwalbar ta maganin kashe zafin ido ba. Mutum zai shigo ɗakinmu na duba ido dafe da fuska, hawaye na zuba, ido ya yi jajur, ko ɗaga shi ba ya iyawa. Sai in zaunar da shi, in ce ya kalli sama, in ja fatar idon ta ƙasa in ɗiga masa ɗigo ɗaya. Da farko zai ɗan runtse, don maganin yana da yaji. Kafin a ƙirga talatin ya buɗe ido tangaran, yana kallona kamar wadda ta yi masa rufa-ido. Abin da zai biyo baya kuwa na haddace shi: "Sista, don girman Allah rubuta mini sunan maganin nan." Wani ya ce ko nawa ne zai biya. Ni kuma amsata ɗaya ce, a'a. Na san wasu suna fita da tunanin rowa ce ko mugunta irin wadda ake zargin ma'aikatan asibiti da ita, shi ya sa nake so in yi bayanin a tsanake.

Wannan magani aikinsa kashe jin zafi a saman ido na ɗan lokaci. Danginsa ɗaya da allurar da likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori, sai dai shi ɗigawa ake yi. A jikin kwalba za a ga an rubuta tetracaine ko amethocaine, ko proparacaine wanda wasu ke rubutawa proxymetacaine, ko oxybuprocaine, ko lidocaine. Duk abin da suke yi shi ne tare hanyar saƙo tsakanin jijiyoyin ido da ƙwaƙwalwa. Ciwon yana nan yadda yake, labarinsa ne kawai ba ya isa. Yana kamawa cikin ƙasa da minti ɗaya, ya saki bayan minti 10 zuwa 20.

Ba sabon abu ba ne. A shekarar 1884 wani matashin likita a birnin Vienna, Karl Koller, ya gano cewa idan aka ɗiga ruwan koken, wato abin da yau muke kira hodar iblis, a ido, ana iya taɓa idon mai shi bai ji komai ba. Ya fara gwadawa a idon kwaɗo, daga baya ya gwada a nasa. Kafin wannan lokacin aikin ido azaba ce, sai an danne mutum ko an sa shi barci gaba ɗaya. Magungunan da muke amfani da su yanzu sun fi wancan aminci nesa ba kusa ba, kuma ni ina cikin masu gode wa Allah da samuwarsu, don ba na jin akwai ranar aikin da zan iya yi babu su.

Da wannan ɗigon muke cire tsartsatsin ƙarfe ko ƙaiƙayi da ya maƙale a baƙin ido. Da shi muke auna hawan jinin ido, saboda na'urar sai ta taɓa ƙwayar idon. Da shi ake cire zaren ɗinki bayan aiki, a kankari gyambon ido a kai ɗakin gwaji, a wanke idon da siminti ko ruwan batir ya faɗa ciki. Masu ciwon suga da ake yi wa allura a cikin ido ma da shi ake fara musu. Har aikin cire yanar ido, wasu likitocin da ɗigon kawai suke yin sa ba tare da allura ba. Don haka idan aka ce za a ɗiga maka a asibiti, kada gabanka ya faɗi. Ɗigo ɗaya ko biyu a hannun ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya ɓata ido.

Abin da muke buƙata daga gare ka kafin mu ɗiga kaɗan ne. Idan an taɓa yi maka allurar kashe zafi wurin cire haƙori ko ɗinkin rauni jikinka ya yi borin jini, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ka faɗa tun kafin a buɗe kwalbar. Idan kana sa gilashin nan da ake liƙawa a ƙwayar ido, a cire shi. Ki faɗa idan kina da ciki ko kina shayarwa. Sannan abin da aka fi ɓoye mana: duk abin da aka riga aka zuba a idon a gida, ko nonon mai jego ne, ko ruwan sikari, ko ruwan albasa, ko wani magani daga kemis. Ba faɗa za mu yi ba. Sanin hakan ne zai nuna mana inda za mu dosa.

Bayan an gama kuma, idon ya sage, ba ya jin komai. A nan ne mutane ke yi wa kansu ɓarna. Mutum zai ji idon wani iri, kamar ba nasa ba, sai ya sa bayan hannu ko gefen mayafi ya murza. Da yake babu zafin da zai tsayar da shi, sai ya kwalje saman idon bai sani ba, sai maganin ya sake shi sannan ya ji a jikinsa. Ka riƙe hannunka aƙalla rabin awa, in so samu ne awa guda. Kada a sa kwalli. Kada ka fita cikin ƙurar hunturu ido a buɗe, ka sa tabarau, domin ko yashi ya shiga ba za ka ƙyafta ba. In yaro ne, uwa ta riƙe masa hannu, ba gargaɗi da baki kawai ba. In kuma an rufe maka ido ɗaya da auduga, kada ka tuƙa babur ko mota, ido ɗaya ba ya auna nisa daidai.

Yanzu ga dalilin a'a ɗin nan tawa.

A saman baƙin ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashin agogo, ta cikinsa haske ke shiga. Kaurinsa bai fi rabin milimita da ɗan wani abu ba a tsakiya. Yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan jijiyoyin jin zafi a jikin ɗan Adam, shi ya sa ɗan ƙaiƙayin da ba ka ko ganinsa zai hana ƙato barci. Wannan zafin shi ne mai gadin ido. Shi ke sa ka ƙyafta, shi ke jawo hawaye su wanke datti, shi ke tilasta maka ka rufe idon ya huta. Kuma Allah ya yi fatar saman tantanin nan da saurin warkewa: ƙaramar ƙwarzanewa takan rufe da kanta cikin kwana ɗaya ko biyu.

Idan aka yi ta maimaita maganin kashe zafi, duk wannan tsarin rushewa yake yi. Ƙyaftawa ta ragu, hawaye su ragu, ido ya bushe. Maganin kansa yana hana sabuwar fata tsirowa ta rufe raunin, har ma ya saɓule wadda take da lafiya. Ga kuma tarkon da ke ciki: duk ɗigon da aka ƙara, lokacin sauƙinsa raguwa yake yi, zafin kuma ya dawo fiye da na baya. Wanda ya fara da ɗigawa sau uku a yini, sai ya koma kowace awa, sannan ya koma duk bayan 'yan mintoci, kwalba a aljihu, ko sallah zai yi sai ya ɗiga. Raunin da ya kamata ya warke jibi sai ya zama gyambo. Wani farin zobe ya fito a baƙin idon, tantanin ya kumbura ya dushe, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa a buɗe. In abin ya yi nisa tantanin narkewa yake yi har ya huje. Wanda ya tsira da hakiya kawai ya yi arziki. Wani sai dashen tantani, wanda ba ko'ina ake yi ba kuma ba kowa ke da kuɗinsa ba. Wani idon ne gaba ɗaya.

Akwai wani yaro da ba na mantawa da shi, ɗan koyon walda, bai kai shekara ashirin ba. Tsartsatsi ne ya shiga idonsa na dama wajen gurzar ƙarfe. Wani abokin aikinsa ya ba shi ragowar kwalbar da shi ma ya samo a wani wuri, ya ce masa ai wannan sha-yanzu-magani-yanzu ne. Yaron ya yi ta ɗigawa yana komawa bakin aiki, ƙarfen kuwa yana nan a idon yana tsatsa. Sai da aka haura mako guda mahaifinsa ya kawo shi. Da na ɗiga masa ruwan kalar nan mai ruwan lemo da muke gano rauni da shi, na haska shuɗiyar fitila, kusan duk tsakiyar idon ya yi kore shar, alamar babu fata a wurin ke nan. Muka tambaye shi ko yana sa wani abu, ya ce babu. Sai da mahaifin ya fita sayen kati na ce, "Ƙanena, ni da kai ne, me ke aljihunka?" Ya yi shiru, sannan ya ciro ta, ta kusa ƙarewa. An yi ta fama makonni. Idon bai fashe ba, alhamdu lillahi, amma farin tabo ya zauna a tsakiyarsa, yatsu kawai yake iya ƙirgawa da shi. Mahaifin ya tambaye ni, "'Yata, da mun zo ranar farko fa?" Aikin minti biyar ne da man shafawa na ido. Ban iya faɗa masa haka kai tsaye ba a ranar.

Masu walda da masu gurzar ƙarfe su ne suka fi shiga wannan hatsari, daga Panteka a Kaduna har Ƙofar Ruwa a Kano da kowace rumfar bakin titi. Wanda hasken walda ya shiga idonsa ba ya jin komai nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, yawanci tsakar dare, ya farka kamar an zuba masa yashi a idanu biyu. Zafin ba na wasa ba ne, na sani. Amma irin wannan ƙunar takan warke da kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku. Abin da ke taimakawa shi ne zama a ɗaki mai duhu, ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan ido a rufe, shan farasitamol, da man ido mai kashe ƙwayoyin cuta idan ma'aikacin lafiya ya rubuta. Ubangidan shago kuma, amanar idon yaran nan tana wuyanka. Tabarau na kwalliya da ake saya a bakin hanya ba garkuwar walda ba ce.

Manoma ma a lokacin kaka muna ganinsu da yawa. Ganyen dawa ya yanki ido, ko ƙaiƙayin gero ya faɗa wajen sussuka da shiƙa. Raunin da tsiro ya yi yana da nasa sharrin, don yakan shigo da ƙwayar cuta irin ta fumfuna, mai cin ido a hankali kuma mai wuyar magani. In aka kashe zafin irin wannan rauni a gida, an kashe ƙararrawar da za ta kawo mutum asibiti da wuri.

Wani zai ce ya gani a intanet cewa a ƙasashen waje ana ba mutane maganin su tafi da shi. Gaskiya ne wasu likitocin sashen gaggawa a can suna ba da ɗan kaɗan na kwana ɗaya tak, ga wanda aka duba da na'ura aka tabbatar ƙaramar ƙwarzanewa ce, kuma likitocin ido da dama ba su yarda da hakan ba har yau. A ganina wannan muhawarar ba ta shafi mutumin da ya sayi cikakkiyar kwalba ba tare da kowa ya leƙa idonsa ba, wanda kuma in ya ji sauƙi ba zai dawo gobe a sake duba shi ba.

'Yan'uwana ma'aikata a ƙananan asibitoci, mu ma da namu. A auna gani kafin a taɓa idon, a rubuta. Kada bakin kwalba ya taɓa ido ko gashin ido. Irin ƙananan robobin nan na ɗigo ɗaya, mutum ɗaya ake yi wa a jefar. A rubuta ranar da aka buɗe babbar kwalba, kuma ko ta halin ƙaƙa kada ta wuce kwana 28. Proparacaine firiji yake so, in ya juya ya yi rawaya ko ruwan ƙasa ya tashi daga aiki, abin da ke saurin faruwa a zafin nan namu da rashin wuta. Idan ana zargin wani abu ya huda ƙwayar idon, kamar wanda ya daki ƙarfe da guduma, kada a tsaya tone-tone, a kife masa kariya ba tare da danna idon ba a tura shi babban asibiti. Kuma kada a bar kwalbar a kan tebur a juya baya, mai jin zafi zai iya sa ta a aljihu, ba don shi ɓarawo ba ne. Masu kemis kuwa, ina roƙonku da Allah, wannan ba maganin da ake sayar wa kowa a kan kantar shago ba ne.

Bayan an yi maka ƙaramin aiki a ido, zafi zai ɗan dawo idan maganin ya saki, wannan ba abin tsoro ba ne, kuma ya kamata ya riƙa raguwa. In kuwa ƙaruwa yake yi bayan kwana ɗaya, ko gani ya dushe, ko ka ga wani farin ɗigo a baƙin idon, ko ido na fitar da ruwa mai kauri kamar mugunya, kada ka jira ranar da aka ba ka. Ka koma inda aka yi maka, ko asibitin ido mafi kusa, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen ido na babban asibitin jiharku. Wanda kuma yanzu haka yake da irin wannan kwalba yana ɗigawa, ya daina yau, zafin zai tsananta na ɗan lokaci kuma akwai abin da za mu ba shi ya sha. Ya taho da kwalbar a hannunsa mu ga sunanta da abin da ya rage a ciki.