Masu shirin gangarawa Gaya a kwalekwale, ba dorina kaɗai ke cikin Isa ba

Makon jiya bayan azahar wasu samari uku suka shigo mini likita a nan Yamai, ɗayansu da taswira a salula. Wai kwalekwale za su ɗauka daga gindin gadar Kennedy, su wuce Say, su bi ta gefen gandun namun daji na W har su sauka Gaya. Babbansu ya ce, "Inna, maganin ciwon kai da na rauni kawai muke so, sauran duk mun shirya." Na ce masa, "Ɗana, ja kujera tukuna."

Tafiyar ba sabuwa ba ce. Sarkawa sun daɗe suna yin ta da filafili da gora. Kogin Isa ya fi kilomita 4,000 daga tsaunukan Gini zuwa teku, wajen 550 daga ciki a ƙasarmu. Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch da abokansa biyu sun bi shi daga tushe har teku tsakanin 1946 da 1947. Bature mai yawon bincike Mungo Park kuwa a Busa ta Najeriya ruwa ya ci shi a 1806. To ban hana samarin ba. Na dai tambaye su me suka fi tsoro, duka ukun suka ce dorina.

Dorina abin tsoro ce, balle mai ɗa, kuma wanda ya ɗauki Basarke ɗan wurin ya ja gaba ya rage wa kansa rabin wannan matsala. Amma a shekarun da na yi ina aiki, ban taɓa ɗinke cizon dorina ba. Fitsarin jini kuwa ban san iyakar wanda na gani ba.

Tsargiya ba a tsakiyar kogi take kama mutum ba, a bakin gaɓa take jira, inda ruwa ya kwanta cikin kainuwa da ciyawa. Nan ƙananan katantanwa ke zaune, su ne ke sako ƙwayoyin cutar, kuma sun fi sako su da tsakar rana. Wato daidai lokacin da matuƙi ya gaji, ya ja jirgi inuwa, ya ce bari in watsa ruwa. Ba sai ka sha ba, ba sai kana da rauni ba, ta lafiyayyar fata suke huda su shiga. Wani ya ji ɗan ƙaiƙayi ya ɗauka sauro ne, wani ko wannan ba ya ji. Sai bayan makonni zazzaɓi da kasala su taso, sai bayan wata biyu ko uku a ga jini a ƙarshen fitsari. Da yawa a lokacin sun ma manta sun taɓa shiga kogi. A ƙauyukan bakin ruwa har yanzu akwai masu ɗaukar jinin nan alamar yaro ya fara girma, wannan magana tana ci mini rai, domin cutar da aka bari tana lalata mafitsara da ƙoda.

Ƙaramin cikinsu ya ce ai da sun dawo sai su sha magani. Nan ma da gyara. Praziquantel, maganin tsargiya, yana aiki sosai, ana auna shi da nauyin mutum, miligiram 40 a kowane kilo, amma ba ya kashe tsutsar tana ƙarama. Wanda ya sha washegarin dawowa ya yi aikin banza. A jira mako shida zuwa takwas, a zo a yi awon fitsari da bayan gida.

Kafin nan, ruwan wanka a ɗiba a bido a ajiye shi kwana biyu, ƙwayoyin ba sa rayuwa haka ba tare da sun sami jiki ba. Na sha a tafasa ko a sa masa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, saboda gudawa da kwalara. Sange kuwa ko a kan tsibiri za a kwana a ɗaura shi. Rigar da ke hana nutsewa a jiki take amfani, ba a ƙarƙashin buhun shinkafa ba.

Lokacin tafiyar ma yana da ruwa da tsaki a maganar. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan Gini ya iso, kogi ya cika, jirgi na tafiya ƙafarka a bushe. A Mayu da Yuni ruwa ya ja baya, a 1985 ma tsayawa ya yi cak a Yamai, sai ka yi ta sauka kana tura jirgi a kan rairayi, ruwa har gwiwa, yini guda. Sannan Say da kewayen W suna cikin yankin da tsaro ya taɓarɓare, ba a nufar can sai an ji ta bakin hukuma, in ta ce a'a a taƙaita tafiyar.

Samarin sun ce sun ɗaga tafiyar zuwa Janairu. Na rubuta musu a bayan takardar magani su dawo mini a Maris, kowa da kwalbar fitsarinsa.