Kafin Yaro Ya Shigo Da Ɓeran Masar Gida

A unguwannin Bauchi yara da yawa na kiwon ɓeran Masar, wasu don sha'awa, wasu don su sayar da 'ya'yan. Abin da ke damuna a matsayina na malamin dabbobi shi ne yadda yaro ke dawowa da shi cikin kwali, sai bayan ya shigo gida a fara tunanin inda za a ajiye shi. Dabbar da ke iya rayuwa shekara 5 zuwa 7 sai ta mutu cikin 'yan makonni, a ce ƙaddara. Iyaye, kayan kiwon nan ba su da tsada, amma a tanade su tukuna.

A fara da wurin kwana. Asalin dabbar nan daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ne, wuri mai sanyi, kuma zafin da ya haura digiri 30 yana iya kashe ta. To ku tuna yanayin Maris da Afrilu a nan. Kada a ajiye keji ƙarƙashin rufin kwano ko inda rana ke bugawa da azahar. A nemi inuwa mai iska, a jingina ƙaramar randa mai ruwa a gefe ya kwanta jikinta. Ƙasan kejin ya zama katako ko siminti, domin waya tana yi masa gyambo a tafin ƙafa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a riƙa sauyawa idan ta jiƙe, a sa masa tukunya ko akwati mai ƙofa da zai ɓuya, don dabba ce mai tsoro. Ba ya son kaɗaici, gara a ajiye biyu. In mace da namiji ne, ku sani cikin nata wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma 'ya'ya maza sai an raba su da uwar da sun kai mako uku zuwa huɗu.

Maganar abinci ita ce inda aka fi yin asara. Jikinsa ba ya iya samar da bitamin C, kamar dai mu 'yan Adam, dole sai ya ci kullum. Wanda ake ba dusa da tuwon da ya kwana kaɗai, za ku ga gashinsa ya hargitse, gaɓoɓinsa sun kumbura, yana ɗingishi, dasashi na jini. Ɗan yankan tattasai, ganyen salak, kabeji kaɗan, gwaiba, ko karas da ganyensa sun wadatar, kuma duk ana samun su a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, wani lokacin ma cikin abin da masu gwari ke warewa. A wanke su da kyau saboda maganin feshi. Ciyawa kuwa kada ta yanke a gabansa dare da rana, domin haƙoransa ba sa daina girma, tauna ce ke rage su. Harawa tana da kyau ga ƙanana da masu ciki, manya a ba su kaɗan. Ban da albasa, tafarnuwa, ganyen tumatir da na dankalin Turawa. Ruwa mai tsabta a kasko mai nauyi da ba zai kife ba.

Ina roƙonku da babbar murya: kada a je kemis a sayo masa kafso. Magungunan dangin fenisilin, irin su ampicillin da amoxicillin, suna kashe ƙwayoyin da ke taimaka wa hanjinsa, gudawa ta biyo baya, ya mutu. In ya daina ci yini guda, a kai shi asibitin dabbobi a ranar.

Sai abin da ya shafi lafiyar gidan gaba ɗaya. Abincin da ya zube a keji yana jawo ɓeran daji mai nonuwa da yawa, wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, kuma Bauchi na cikin jihohin da cutar ta fi kamari, musamman da rani. Saboda haka a zuba dusa cikin bokiti mai murfi, a share ragowar abinci kafin magariba, a kewaye kejin da raga mai ƙananan ƙofofi, a nisanta shi da madafa da rumbu. Yaro kuma ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa dabbar ko ya kwashe kashinta, kafin ya sa hannu a kwano.